Kifi a Kan Tudu: Sharhi a Kan Adon Halittun Ruwa a Kayan Ɗakin Kafintocin Kubwa

Gabatarwa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin adabi da rumfar kafinta, har zai kawo zancen kujera da gado cikin mujallar da aka tanada domin waƙa da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo? Amsa a nan ita ce, fasaha a wurin Bahaushe ba ta taɓa tsayawa a bakin alƙalami kaɗai ba. Yakan kira mawaƙi fasihi, ya kira magini da masassaƙi da maɗinki gwanaye, kuma ma'aunin da yake auna su da shi kusan guda ne, wato ko abin da aka ƙaga ya zauna daram a mazauninsa, ko kuwa ɗora shi kawai aka yi. Ɗalibanmu sun saba da gadon feɗe waƙa na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo. A wannan karo gadon kwana ne za a hau da shi gadon feɗewa, tare da kujerun da ke rakiyarsa zuwa ɗakin amarya.

Dalilin wannan sharhi wata rakiya ce da na yi wa wani yayana zuwa Kubwa domin sayen kayan ɗakin 'yarsa. Mun yi kwana biyu muna zagaya rumfunan kafintoci, abin da ya fi ɗaukar hankalina kuwa shi ne yawan halittun teku da ke jikin kayan: ɓawon ƙumba a saman kusan kowace kujera, kifaye a fuskar gado, igiyar ruwa a gefen madubi. Garin da tsakaninsa da teku ya wuce kilomita 400 ya cika da adon teku. Na koma ni kaɗai daga baya, na sake duba kayan a natse. Maƙalar za ta tsaya a kan ayyuka huɗu da na gani, ba tare da ambaton sunan rumfa ko na mai ita ba.

Kubwa da Kafintocinta

Kubwa tsohon mazaunin Gbagyi ne, wanda yanzu yake cikin Ƙaramar Hukumar Bwari. Dokar soja ta 1976 ce ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, amma garin bai tumbatsa ba sai bayan da gwamnati ta taso daga Ikko a watan Disamba na 1991, ma'aikatan da tsadar haya ta hana su zama cikin birni suka kwararo nan. Duk inda sabon gida ya tashi kuwa, kafinta na biye. Ga kuma kasuwar katako ta Dei-Dei a maƙwabta, kan hanyar Zuba. Saboda haka sana'ar ta tara Inyamurai da Yarabawa da Hausawa da Nufawa da 'yan ƙasa Gbagyi, kowa da abin da ya taho da shi daga gida. Sai dai kuma wanda ya dubi kayan da aka jera a bakin titi da wuya ya gane hannun wane ne wannan, domin duk daga tushe ɗaya suke ɗiba, wato hotunan da ke cikin wayar mai saye.

Ƙumba Mai Ruwan Zinariya

Aiki na farko saitin kujerun falo ne irin wanda ake yi wa laƙabi da na sarauta: mai zaman mutum uku, da mai biyu, da masu ɗaiɗai guda biyu. A tsakiyar saman kowace an ɗora ɓawon ƙumbar teku, buɗaɗɗe kamar mafici, an shafe shi da fenti mai ruwan zinariya. An sake maimaita shi a gwiwar kowace ƙafa, da tsakiyar katakon da ke ƙasan mazauni. Na tambayi saurayin da ke tsaron rumfar ko mene ne wannan. Ya ce, "Fulawa ce, Malam." Ban ga laifinsa ba, domin a rumfuna uku na sami amsa iri ɗaya, a ta huɗu aka ce mini kambun sarauta ne.

Wannan ƙumba tana da tarihi mai tsawo kafin ta iso Kubwa. A Faransa, zamanin Sarki Luwi na 15 wanda ya yi mulki daga 1715 zuwa 1774, aka yi yayin wani salon ado da ake kira Rokoko, wanda ya ɗauki siffofinsa daga duwatsu da ɓawon halittun teku da ake ƙawata kogunan lambunan masu mulki da su. Daga nan salon ya bazu. A Ingila littafin zane-zanen kayan ɗaki da Thomas Chippendale ya buga a 1754 ya kai shi hannun kafintocin birni da ƙauye. A garin Newport na Amurka, wanda tashar jiragen ruwa ne, iyalan Townsend da Goddard suka mayar da sassaƙa ƙumba tambarin aikinsu, har wani teburin rubutu mai kabad da aka yi a can ya kai dala miliyan 12.1 a gwanjon 1989. A Masar kuma, birnin Dumyat da ya shahara da kafintoci ya ɗauki salon Faransa ya ƙara masa nauyi da ƙyalli, abin da masu zolaya suka raɗa wa suna Luwi Faruk, suna haɗa sarkin Faransa da Sarki Faruk na Masar wanda aka tuɓe a 1952. Irin wannan ne 'yan kasuwarmu suka riƙa gani a ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Sin, suna ɗauko hotonsa.

Aro ba aibi ba ne a fasaha. Rubutacciyar waƙar Hausa ta ari karuruwan Larabci, ta zauna da su har suka zama nata, Alhaji Abubakar Imam kuma ya ɗebo labaran Gabas da na Turai ya yi musu wankan Hausa a Magana Jari Ce. Sharaɗin shi ne mai aro ya san abin da ya ara. Masassaƙin Newport yana zaune a bakin teku, ya ci naman ƙumba, ya juya ɓawonta a tafin hannu, ya san cewa layukanta daga gindi ɗaya suke tasowa su buɗe, kowane yana ƙara faɗi a kan hanya. Ƙumbar Kubwa kwafin kwafi ce. Layukanta sun tafi a jere kamar haƙoran matsefi, gindinta ya naɗe ya koma ganye, shi ya sa mai tsaron rumfa ya ce fulawa ce, kuma kusan ya fi ni gaskiya. A nazarin waƙa muna da abin da muke kira ciko, wato kalmar da mawaƙi kan jefa domin ta cika ma'auni ko ta kawo amsa-amo, alhali ba ta ƙara wa ma'ana komai ba. Aikin wannan ƙumba ke nan: saman kujera ya yi fili, aka nemi abin da zai toshe shi.

Akwai abin da ya fi wannan damuwa. Da na ƙwanƙwasa ƙumbar da farce sai na ji ƙarar da ba ta katako ba. Zubin roba ne, an sayo shi a shirye, an manna da gam da ƙananan ƙusoshi, fenti ya rufe asirin. Mai saye kuwa aikin hannu aka ce masa, kuɗin aikin hannu ya biya. A ganina wannan ya fita daga babin salo ya shiga babin amana. Illarsa ga sana'ar ma a fili take, domin yaron da ya shekara biyar a rumfa yana manna zubi zai fita bai taɓa riƙe wuƙar sassaƙa ba. Kada kuma a manta da hunturu: katako yana tsukewa idan iska ta bushe, ya kumbura da damina, roba kuwa ba ta bin sa, saboda haka a gaɓar da suka haɗu fenti kan fara tsagewa.

Gado Mai Kifaye Biyu

Aiki na biyu ya fi na farko daraja, shi ya sa zan fi tsananta masa. Gado ne na maɗaci, wanda aka sassaƙa fuskarsa da hannu tun daga farko har ƙarshe. Kifayen nan masu shayarwa da ake kira dolfin guda biyu sun yi tsalle daga hagu da dama, bakunansu sun haɗu a tsakiya a kan wata ƙwallo, ƙarƙashinsu igiyar ruwa tana naɗewa. Mai aikin, wani magidanci mai kimanin shekara 40, ya ce ya yi sati uku a kan fuskar gadon kaɗai, kuma na yarda. Hannunsa yana da tsabta. Inda ya bi da wuƙa a lanƙwasar bayan kifin babu gargada, ya kuma bar jan maɗacin ya fito bai binne shi da fenti ba.

Matsala ta farko ita ce ya yi wa dolfin ɓamɓaroki, ya kuma tsayar da wutsiyarsa a tsaye irin ta ƙarfasa. Dolfin fatarsa sumul take, wutsiyarsa kuma a kwance take, sama da ƙasa yake kaɗa ta. Wani zai ce ai masassaƙan Turai ma sun daɗe suna yi masa ɓamɓaroki, kuma haka ne; dolfin na jikin kujerun Ingila na farkon ƙarni na 19 dodo ne na tatsuniya fiye da dabba. Amma su suna da dalili, domin a wurinsu alama ce ta mulkin teku, al'ummar da ta yi tinƙaho da jiragen yaƙi kuwa ta san abin da take nufi idan ta zauna a kansa. Me dolfin yake cewa a ɗakin amaryar Kubwa? Na tambayi mai aikin, sai ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da Hajiya ta nuna mini a waya ke nan."

A nan ne darasin adabi ya shigo. Idan makaɗin fada ya kira sarki giwa ko zaki ko kada, ba ya buƙatar yin bayani, domin mai sauraro ya zo da nasa sanin: ya ji labarin wanda kada ya ja a mashaya, ya san ruwan da ya yi shiru ba a shigarsa da garaje. Siffantawa tana aiki ne da abin da ke cikin kan mai sauraro tun kafin mawaƙi ya buɗe baki. Idan babu wannan ajiya, sai hoto ya tsaya hoto, a yaba wahalar da aka sha a kansa, a wuce.

Matsala ta biyu ta fi ta farko girma, ko da yake ba a ganinta sai an zauna. Fuskar gado wurin jingina ne. Na nemi izini na hau na jingina, sai ƙwallon da ke tsakanin bakunan kifayen ta tokare ni a ƙeya, fiffiken na dama kuma ya sami kafaɗata. Duk wanda zai yi karatu ko ya sha magani a kan wannan gado sai ya tara matasai uku, waɗanda za su rufe sassaƙar da aka biya kuɗi dominta. Ga kuma ƙura. Igiyar ruwan tana da lunguna masu zurfi da tsumma ba ya shiga, amaryar da aka kai wa wannan gado a watan Disamba za ta san haka kafin ta fita kunya. Ado ya yi faɗa da amfani, kuma a kayan ɗaki idan aka yi wannan faɗa mai gida ne ke jin jiki.

Akwai kuma batun da mai sharhi a cikin al'ummar Musulmi ba zai tsallake ba, wato hukuncin surar abu mai rai. Ba fatawa nake bayarwa ba, amma sananne ne cewa malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin sura mai inuwa, wadda aka sassaƙa da jiki, da wadda aka zana a shimfiɗe. Ta farko sun hana ta idan ta mai rai ce kuma gaɓoɓinta sun cika, ta biyu kuwa sun sassauta, musamman idan tana jikin abin da ake takawa ko ake zama a kai. Hadisin labulen Nana A'isha mai hotuna, wanda aka yayyanka aka mayar matasai, yana cikin Buhari da Muslim. Kifayen wannan gado sun fito da jiki sosai, kuma a saman kai suke. Yayana, da ya gan su tun zuwanmu na farko, bai tsaya taya gadon ba. Wannan ƙaidi, a nawa ganin, alheri ne ga mai fasaha idan ya fahimce shi, domin shi ne ya tura maginan Zariya da Kano da maɗinkan babbar riga zuwa ga dagi da aska da sauran zane-zanen da suka ɗauki ƙashin siffa suka bar namanta.

Ruwan da ke Kusa

Abin mamaki shi ne, makarantar da kafintan Kubwa yake buƙata tana bayan gidansa. Ladi Kwali, wadda aka haifa wajen 1925 a garin Kwali, ta kuma rasu a 1984, tana zana kifi da kada da ƙadangare da kunama da hawainiya a jikin tulunanta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Wanda ya dubi kifin Ladi zai ga ba ta nemi ya yi kama da na cikin ruwa ba. Ta shimfiɗa shi, ta cika cikinsa da layuka masu gilma juna, ta sa tsawonsa ya bi kumburin tulun, har ya zamana idan ka zagaya tulun kifin yana tafiya tare da kai. Ba ya tsini, ba ya hana ɗauka, kuma a jikin mazubin ruwa yake, inda kifi ya dace ya zauna. Gaskiya ne ita ma ba ta tsira daga faɗan ado da amfani ba: tulunan da aka gasa da wuta mai tsanani aka shafe su da ƙyalli sun yi nauyi, sun kuma daina tsatsafar da ke sanyaya ruwa, suka koma abin kallo a gidajen tarihi. Amma zanen kansa darasi ne. Matan Ushafa, ƙauyen da Shugaba Clinton ya ziyarta a 2000, suna nan suna ginin tukwane kusa da madatsar ruwa ta Usuma, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Kubwa.

Haka kuma ba a rasa halittun ruwa masu ma'ana a ƙasar nan ba. A fasahar masarautar Bini tarwaɗa alama ce ta sarki, har akan siffanta Oba da ƙafafun tarwaɗa, saboda kifi ne da ke jure rayuwa a ruwa da wajensa. Kabawa da Sarkawa suna da giwar ruwa, bikin kamun kifi na Argungu kuma tun 1934 yake tara jama'a a Matan Fada. Gaiwa, wadda kan binne kanta a laka ta jira damina, ta isa jigon haƙuri a kowace irin fasaha. Ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a rumfunan bakin titi ba.

Na dai ga wani yunƙuri, shi ne aiki na uku. Wani matashi ya yi kujerun teburin cin abinci waɗanda majinginarsu ƙayar kifi ce: sanda ɗaya a tsaye a tsakiya, haƙarƙari shida-shida suna fita daga gare ta hagu da dama, suna ɗan lanƙwasowa gaba. Tunanin ya yi kyau ƙwarai, domin a nan siffar kifin ita ce ke riƙe bayan mai zama, in aka cire ta babu kujera. Irin hanyar da Hans Wegner na ƙasar Denmak ya bi ke nan a 1963, lokacin da ya lanƙwasa fallayen katako ya yi kujera mai ƙafa uku da ake kira da sunan ɓawon ƙumba, alhali babu zanen ƙumba ko ɗaya a jikinta. Kasuwa ta ƙi ta da farko, sai a 1998 aka dawo da ita ta karɓu. Kuskuren matashinmu shi ne ya bar sandar tsakiya ta turo gaba, tana haɗuwa da ƙashin bayan mai zama, ƙashi a kan ƙashi. Da ya janye ta baya da kaurin yatsa biyu, ya bar haƙarƙarin su yi aikin, da an gama magana. Sa'an nan ɗanyen katako ya yi amfani da shi, haƙarƙari biyu har sun fara baɗewa daga raminsu. Na gaya masa duka biyun. Na farkon ya karɓa, na biyun ya ce busasshen katako ya fi ƙarfin jarinsa.

Kujerar Wuri

Aiki na huɗu ba a bakin titi yake ba. A wani lungu cikin tsohon gari na tarar da wani dattijo Banufe yana sassaƙa turame da taɓare da kujerun tsugunno. Nufawa dama sun shahara da kujera mai ƙafafu da yawa wadda ake fitarwa daga gungume guda ba tare da ƙusa ko gam ba. Cikin kayansa akwai wata 'yar kujera ta ƙirya, tsayinta bai wuce taƙi guda da rabi ba, wadda aka yi ta da siffar wuri.

Kafin a yi maganar kujerar ya kamata a tsaya a kan wurin kansa, domin shi ne halittar teku guda ɗaya da ta shiga jinin Bahaushe. Ɓawon wata 'yar dodon-koɗi ce ta teku, mafi yawansa daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya, wanda fatake da jiragen Turawa suka yi ta jigilarsa zuwa Afirka ta Yamma. Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851 da shi ake ciniki, wuri 2,500 a kan dala guda ta azurfa. Turawan mulki sun hana shigo da shi a 1904, sannu a hankali sulalla suka maye gurbinsa, amma harshe bai sake shi ba. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, har gobe kuma idan dukiya ta yi yawa mukan ce wuri na gugar wuri. Yana jikin ƙwaryar ado da kayan 'yan tauri da kitson Fulani da faifan masu duba. Bahaushen da bai taɓa ganin teku ba ya san wuri ciki da baya, wato yana da irin ajiyar da muka ce siffantawa tana buƙata.

Dattijon ya kwantar da wurin ne bakinsa yana kallon sama. Leɓɓan nan biyu masu kauri su ne mazauni, kowane ya ɗauki ɓangare guda na jikin mai zama, tsagar da ke tsakaninsu kuma ta ratsa har ƙasa. Na tambaye shi, "Baba, wannan tsaga fa, ado ce?" Ya ce, "Ɗana, ina mata suke ajiye irin wannan kujera?" Na ce madafa da bakin rijiya da wurin wanki. Ya ce to, ruwan da ya zuba a kanta ta nan zai bi ya fita, ba zai kwanta ya jiƙa zane ba, kuma ta nan ake sa yatsu a ɗauke ta da hannu ɗaya. Haƙoran wurin ya yi su ƙanana, marasa kaifi, suna hana santsi idan hannu da sabulu. Abin da ya fi burge ni shi ne gindin. Wuri yana da ƙusumbi a baya, in an kwantar da shi a kansa sai ya yi ta rawa. Dattijon ya share ƙusumbin ya bar shi a buɗe, daidai yadda ake fasa bayan wuri idan za a ɗinka shi a jikin fata ko ƙwarya. Da wannan dabara guda kujerar ta zauna daram, ta rage nauyi, ta kuma ƙara kama da wurin da muka sani a hannu, wanda dama fasasshe ne.

Idan aka koma ga kalmomin nazari, gadon dolfin kamantawa ce da ta tsaya a kan "kamar", ana ganin abin da aka kamanta da abin da aka kamanta shi da shi kowane a gefensa. A kujerar dattijo kuwa ba za ka iya nuna inda wuri ya ƙare kujera ta fara ba. Akwai ma wata 'yar barkwanci a ciki wadda duk Bahaushe zai gane ba tare da an faɗa masa ba: matar da ke tuƙa tuwo a kanta tana zaune ne a kan kuɗi. Ba ta kuma shiga sabanin malamai ba, tunda ɓawo ne ba mai rai ba, kuma ƙarƙashin mai zama yake.

Ba ta rasa aibi ba. Dattijon ya shafe ta da man ƙyalli mai kauri irin na kanti, wai don masu saye suna son abu yana walƙiya, man kuwa ya cike haƙoran ya mayar da santsin da aka yi su domin su hana, ya kuma ɓoye duhun ƙirya mai kyau. Leɓen hagu ya ɗara na dama tudu kaɗan, wanda zama na minti goma zai nuna. Sa'an nan abin da ya yi nasara a 'yar kujerar tsugunno ba lalle ne ya yi a kujerar falo ba. Wanda ya kumbura wannan siffa ya yi mata soso da yadi zai iya komawa inda masu ƙumbar zinariya suke.

Sauran magana ta itacen ce. Maɗacin da aka kashe sati uku ana sassaƙa dolfin a jikinsa ba ya girma a shekara goma. An sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu a 2016, bayan sarar da aka yi mata a dazuzzukanmu ana lodi zuwa Sin, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya, a 2022 kuma maɗaci da kawo suka bi ta cikin jerin. Ƙirya ba ta shiga ba, amma masu gawayi sun san daɗinta. Dattijon ya ce gungumen da ya fitar da kujerar wurin ragowar turmi ne da ya tsage, ya ƙi jefa shi a wuta. Guda uku ya taɓa yi, a cewarsa, biyu wata Baturiya ta saya. Na tambaye shi ko yana da yaron da yake koya wa. Ya nuna mini jikansa a can gefe, ya ce da safe yana zuwa wata rumfa a bakin titi, inda ake biyansa kuɗin manna zubi.

Yayana dai saitin mai ƙumbar zinariya ya saya, domin shi uwar amarya ta zaɓa, kuma dangin ango shi za su duba ranar jere. Ni na sayi kujerar wurin a kan kuɗin da bai kai na matashi guda na wancan saiti ba. Na sa an kankare man ƙyallin, aka shafa mata man gyaɗa, tana madafa.